Rigar babban kamfani ko shagon Alhaji: ina ya kamata mai fara harkar kayan lab ya sa ƙafa?

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zaro waya ya miƙo mini. "Kawu, duba ka gani, ni dai na rasa ta cewa." Takardar ɗaukar aiki ce daga wani kamfani da ke Legas, shafi huɗu, an jera tambarin manyan kamfanonin Turai da Amurka a gindinta. Suna so ya zama wakilinsu na sayar da kayan ɗakin gwaji a Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Ɗaya tayin kuwa ba shi da takarda. Wani dattijo ne a nan Birnin Kebbi, wanda ya yi ritaya daga lab ɗin asibiti ya buɗe shagon sinadarai da kayan gwaji, ya ce masa, "Ka zo ranar Litinin mu fara, ba za mu ɓata ba."

Yaron ya karanta ilimin ƙananan halittu a jami'ar Aliero, ya gama bautar ƙasa, ya kusa shekara yana zaman jiran tsammani. Ni kuma na daɗe a wannan harka. Na rataya jaka na yi yawo da sunan babban kamfani, na kuma zauna a ƙaramin shago ina ƙirga kwali. Na san ba shi kaɗai ke gaban irin wannan mararraba ba, domin duk shekara Aliero da Kalgo da Gusau da Sakkwato suna yaye ɗaruruwan masu irin karatunsa, guraben gwamnati kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Abin da na fara nuna masa shi ne tambarin nan da suka ɗauke masa hankali. Babu ko ɗaya a cikinsu da zai biya shi albashi. Masu ƙera na'urorin da sinadaran suna can Amurka da Jamus da Japan da Sin da Indiya da Koriya ta Kudu, kuma yawancinsu ba sa sayar wa asibitin Nijeriya kai tsaye. Dila suke naɗawa a Legas ko Abuja, su ba shi izinin wakilci na wani wa'adi. Shi zai nemo dala, ya fito da kaya daga Apapa ko filin jirgin Legas, ya yi fama da kwastam, ya yi wa kayan rajista a NAFDAC da hukumar MLSCN mai kula da aikin lab. Daga gare shi sai diloli matsakaita a Kano da Kaduna da Onica, daga su sai irin su Alhaji. Ruwa ɗaya ake ja, wani yana bakin rijiya, wani yana bakin randa.

Na can sama kuwa haɗiye juna suke yi kamar giwan ruwa da ƙananan kifaye, kuma wannan ya shafi mai neman aiki fiye da yadda yake zato. Thermo Fisher Scientific na Amurka, wanda cinikinsa ya haura dala biliyan 40 a shekara, shi kansa haɗakar kamfani biyu ne da aka yi a 2006. Ya sayi Life Technologies a 2014 a kan dala biliyan 13.6, ya nemi sayen Qiagen a 2020 masu hannun jari suka ƙi. Merck na Darmstadt a Jamus ya sayi Millipore a 2010, ya ƙara da Sigma-Aldrich a 2015 a kan dala biliyan 17, wato sunan da duk ɗalibin kimiyya ya saba gani a jikin kwalabe ya koma hannun wani gida. Danaher, wani babban kamfanin Amurka, ya sayi Beckman Coulter a 2011, ya sayi Cepheid a 2016, ya sayi Abcam a 2023. Duk lokacin da aka yi irin wannan ciniki, sabon mai gida yakan duba jerin wakilansa a kowace ƙasa ya ce biyu sun yi yawa. Ina aiki a wani kamfani lokacin da wasiƙa ɗaya ta zo daga waje, muka wayi gari kusan rabin kayan da muke tallatawa ba namu ba ne, an ba wani dila. Ba laifin kowa a cikinmu, amma kafin wata uku an sallami mutane, kuma da na nesa da hedikwata aka fara. Wakilin da ke Kebbi shi ne ya fi kowa nisa.

Al'adar aikin waɗannan manyan gidaje ma ta bambanta, kuma ƙurarta takan iso mu. Danaher ya yi suna da tsarin da ya aro daga masana'antun motocin Japan, wanda ake kira kaizen: kowane aiki a auna shi, a rubuta adadinsa a allo, gobe a nemi a fi na jiya. Thermo Fisher ma yana da irin nasa. Merck kuwa tun 1668 yake, har yau kusan kashi 70 cikin ɗari na hannun zuriyar da ta kafa shi, ga kuma irin New England Biolabs, wanda wani masanin kimiyya ya kafa a 1974 kuma bai shiga kasuwar hannun jari ba. Wanda masu hannun jari na waje ba su riƙe masa wuya ba numfashinsa daban ne. Sai dai abin da na lura da shi, idan wannan al'ada ta biyo hanya ta iso dilan Legas, ta gangaro zuwa wakili a Birnin Kebbi, awon ne kawai yake isowa. Horaswar da kayan aikin da suka sa awon ya yi ma'ana a can, sukan maƙale a hanya.

Shekarun baya-bayan nan sun girgiza kasuwar. Lokacin korona, a 2020 da 2021, duk mai sayar da kayan gwajin PCR, wato gwajin da ake gano ƙwayar cutar da shi, da safar hannu ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba, kamfanoni suka ɗebi ma'aikata. Daga 2022 cinikin ya faɗi, aka shiga rage mutane a ko'ina cikin duniya. A gida ma mun ga 54gene, kamfanin binciken ƙwayoyin halittar gado, wanda aka kafa a 2019, ya tara jarin kusan dala miliyan 45, ya fara sallamar ma'aikata a 2022, a 2023 ya naɗe tabarmarsa. Sai ga faɗuwar naira: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kayan da kusan dukkansu daga waje suke zuwa, farashin yau ya daina kai jibi. GSK ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina sayarwa da kansa a Nijeriya ya miƙa wa dila, Sanofi ya bi sahu kafin shekarar ta ƙare. Su masu magani ne, amma hanyar da suka bi ita ce hanyar kowa: baƙo ya janye jikinsa, ya bar ɗan gida da haɗarin canjin kuɗi. A Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗauke haraji a kan wasu kayan da masu ƙera magani da kayan gwaji a cikin gida ke shigowa da su. A farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da tallafin USAID, abin da ya taɓa shirye-shiryen tarin fuka da HIV da zazzabin cizon sauro. Duk wanda zai shiga babban dila, ya tambaya kashi nawa na cinikinsu ya dogara ga kwangilar masu ba da tallafi, nawa kuma ga asibitoci da jami'o'i masu biya daga aljihunsu.

To, yaya rana take a babban kamfani? Albashi yana shigowa a kan lokaci, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Akwai fansho, domin dokar 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Akwai inshorar lafiya, akwai hutun shekara a rubuce, akwai kamasho idan ka cika abin da aka ɗora maka. Kowace Litinin da safe akwai mitin ta waya, manaja ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi wa ya ziyarta, me ya sayar, nawa ya karɓo daga bashi. Ba a tambayar lafiyar iyali, ba don mugunta ba, lokaci ne babu. Wanda ya saba da gaisuwar minti biyar kafin a shiga magana, makonni biyun farko zai ji kamar an mare shi.

Matsalar tana wurin taget, wato adadin cinikin da aka ɗora maka ka cika. Mutumin da ya zana shi a ofis mai sanyi yana kallon taswira ne: jiha uku, ƙananan hukumomi 58, mutum ɗaya. Bai san cewa daga Birnin Kebbi zuwa Yawuri ko Zuru tafiyar yini ce idan za ka je ka dawo ba. Bai san akwai hanyoyin Zamfara da direba ba ya bi bayan la'asar ba, ko garuruwan da sai ka tambayi labarin hanya a tasha kafin ka shiga mota. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, na san wakilin da aka rubuta wa takardar tuhuma don bai tura rahoton mako ta manhajar kamfani ba. Sai da ya fito Funtuwa ya sami sabis ya yi bayani. Idan kuma kaya suka makara a tashar jiragen ruwa, ko na'ura ta tsaya babu injiniya sai daga Legas, shugaban lab ba zai kira Amurka ba, kai zai kira, kai zai wanke tas a gaban yaransa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Amma a nan ne na ce wa yaron ya buɗe kunne, domin aiki uku ne a ɓoye cikin riga ɗaya. Akwai mai talla zalla. Akwai mai koyar da amfani da na'ura, wanda zai kafa ta, ya horar da ma'aikatan lab, ya gano dalilin da sakamako ke fita a karkace. Akwai kuma injiniyan gyara, mai kwance ta ya ɗaura. Na farko kowa zai iya maye gurbinsa gobe. Na biyu da na uku kuwa a duk Arewa maso Yamma ana ƙirga su da yatsu, kuma babban kamfani ne kaɗai ke iya tura ka wurin masu ƙera na'urar ka dawo da shaidar horo. Wannan shaida taka ce, ko kamfanin ya rushe tana aljihunka.

Dubi GeneXpert, na'urar Cepheid mai gano tarin fuka cikin ƙasa da awa biyu, har ta faɗa maka ko ƙwayar cutar ta bijire wa maganin rifampicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin a Disambar 2010, yau kuma tana manyan asibitocinmu. Ƙwanson gwajinta, wato ɗan mazubin da ake zuba samfurin kowane majiyyaci a ciki, ya daɗe a dala 9.98, sai a Satumbar 2023 aka sauko da shi zuwa 7.97 bayan matsin lambar ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da wasu. Ta shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa yake zuwa, ba ta shagon kowa ba, don haka babu kamasho a kansa ga ɗan talla. Amma na'urar ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, ƙwansonta kuma 28, mu ko a Afrilu muna haura 40. Ƙura tana toshe ta, wutar Kaduna Electric tana wasa da ita, kowace shekara sai an daidaita ta. Wa zai yi wannan? Shi ya sa ma Truenat ta kamfanin Molbio na Indiya, mai aiki da batir wadda ke jure zafi har digiri 40, ta sami shiga bayan an amince da ita a 2020. Wanda ya san cikin irin waɗannan na'urori ba ya neman aiki, aiki ke nemansa.

Mutanen Zamfara sun ga amfanin wannan sani da idonsu. A 2010, da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙaramar na'urar LeadCare II da ake gwada jini da ita a fili ba ta karanta yawan dalmar da ya wuce 65 a ma'auninta. Jinin yara da yawa ya zarce haka, sai ta nuna alamar "ya yi yawa" kawai, alhali likita yana buƙatar adadi don ya san wa zai fara ba magani. Sai da masana suka fito da hanyar sirka samfurin a nan wurin kafin a sami lissafi. Wanda ya san iyakar na'ura ne ya yi wannan aiki, ba wanda ya haddace farashinta ba.

Yanzu shagon Alhaji. Ranar farko za a ba ka kujera da shayi, a tambayi mahaifiyarka. Idan aka kira salla a rufe shago a tafi tare. Ranar Juma'a ba sai ka nemi izini ba, da azumi a tashi da wuri, idan aka yi maka rasuwa Alhaji da kansa zai zo zaman makoki. Kada kowa ya raina wannan, akwai waɗanda suka bar albashi mai tsoka suka dawo saboda shi. Kuma za ka koyi kasuwa daga tushe: abin da ke tafiya kullum, wato tsinken gwajin maleriya da na ciwon hanta da na ciki da na suga, kwalaben jini masu murfi shuɗi da ja da ruwan hoda, jakar ƙarin jini, rinin Giemsa na duba jini a madubin likita, safar hannu, abin da ke kwana a kanta har ya yi esfaya, wane asibiti ke biya, wane ne sai ka yi sawu bakwai. Za ka san ƙananan na'urorin ƙidayar jini irin na Mindray na ƙasar Sin, waɗanda suka cika lab-lab masu zaman kansu saboda sauƙin kuɗi. Za ka gane dabarar nan ta ba da na'ura kamar kyauta da sharaɗin a wurinka za a riƙa sayen sinadarinta, tunda da yawa ba sa shan na wani: ga akuya kyauta, amma dusa a gidanmu. A babban kamfani sai ka shekara uku ba ka ga takardar da aka sayo kaya da ita ba. A nan cikin wata uku ka san ribar kowane kwali.

Abin da babu shi ne takarda. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, amma je ka ce wa sa'an mahaifinka ya rubuta maka, ka ji yadda bakinka zai yi nauyi. Albashi yana bin cinikin wata. Idan ma'aikata ko asibitin gwamnati suka riƙe kuɗin kwangila wata shida, kai ma za ka ji a jikinka, kuma ba za ka iya ƙorafi ba domin kana ganin Alhaji ma bai ɗauki ko sisi ba. Kai ne akawu, kai ne mai lodi, wata rana kai za ka ɗauko yara daga makaranta. Gaba kuma a rufe take: komai ƙwazonka, akwai ɗan Alhaji da ke aji uku a jami'a, kuma kowa ya san kujerar wa ake ɗumamawa. Sai dai idan tun farko an yi maganar yaye, wato bayan shekaru kaza a sallame ka da jari ko da kaya bashi, kamar yadda ake yi a sauran kasuwanni. In za a yi, a yi ta gaban shaidu.

Wurin da na fi jin tsoron ƙaramin shago shi ne sanyi. Yawancin sinadarai suna son digiri 2 zuwa 8, na PCR kuma sai firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. Wata rana a watan Afrilu na je tasha karɓar kula da aka yi mana webil daga Kano. Motar ta lalace a hanya ta kwana. Na tarar da kular a kan rufin mota, tsakanin buhun albasa da babur, rana ta dake ta tun hantsi. Da na buɗe, ƙanƙarar ta zama ruwa mai ɗumi, takardun jikin kwalaben sun jiƙe sun saɓule, maganin gwajin rukunin jini yana iyo a ciki. Na kira maigidana na lokacin, ya yi shiru, sannan ya ce, "Sa su a firji, za su dawo daidai." Ba sa dawowa. Kuma babu mai ganewa da ido. Ranar da za a gane ita ce ranar da aka ƙara wa mai haihuwa jinin da bai dace da nata ba. Mun yi ta ja-in-ja har dare kafin ya yarda a zubar, ya kuma yi mako yana amsa gaisuwata da ƙyar. Ba mugu ba ne, jarinsa ne yake kallo a cikin kwata. Babban dila yana da ɗakin sanyi da janareta biyu da ɗan ma'aunin da ke rubuta zafin kula tun daga Legas, kuma idan kaya suka lalace akwai takardar da za a cike a shafe asarar. A ƙaramin shago, imaninka ne ma'aunin. Don haka na ce wa yaron, kafin ya amsa wa Alhaji, ya leƙa bayan shago: akwai sola da batir a kan firjin? Akwai ma'aunin zafi a ciki, da littafin da ake rubuta shi safe da yamma? Daga wa yake sayen kaya, kuma yana karɓar mai arha da ba a san asalinsa ba?

Bashi da na goro kuwa duk inda ka je suna nan, sai dai kamanninsu ya bambanta. A babban kamfani za a sa ka sa hannu a takardar cewa ba za ka ba kowa cin hanci ba, domin masu ƙera kayan suna ƙarƙashin dokokin ƙasashensu masu hukunta wanda wakilinsa ya ba da rashawa a waje. Sannan a ɗora maka taget ɗin da kowa ya san da wuya a cika shi ba tare da an "ga" mai sayen kaya ba. Idan ta fashe, takardar da ka sa wa hannu ita za a fito da ita. A ƙaramin shago ba a ɓoye-ɓoye, ambulan ce za a ba ka ka kai, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya karɓi naka yau, gobe shi zai ce ka kawo rasit na kwali ɗari ka sauke sittin. Game da bashi, ka karanta takardar Legas da kyau. Wasu kamfanoni ba sa biyan kamasho sai kuɗi sun shigo, wannan daidai ne. Wasu kuma suna cire bashin da abokin ciniki ya ƙi biya daga albashin wakili. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, kuma duk takardar da na ga wannan sharaɗi a ciki ina cewa a mayar musu da abarsu.

Wata abokiyar karatunsa ma ta aiko a tambaye ni, ita ma an yi mata irin tayin. Amsarta ta ɗan bambanta. Babban kamfani ya fi ba mace kariya a rubuce, ga hutun haihuwa na mako 12 da doka ta tanada, ga wurin kai ƙara idan wani ya yi mata maganar banza. Amma yawon jiha uku a motar haya da kwana a masauki, ba kowane gida ne zai yarda ba, kuma da dalili. Na ce ta nemi ɓangaren koyar da na'ura ko na kula da manyan asibitocin cikin gari, ta faɗa musu haka tun a ganawar farko, kada ta bari sai ta karɓi aiki.

Akwai kuma abin da takardar shaidar karatu ke yankewa. Wanda ya karanta ilimin ƙananan halittu ko na sinadaran jiki ba shi da lasisin MLSCN, ba zai sa hannu a sakamakon majiyyaci ba, ba zai buɗe lab na asibiti da sunansa ba. Wanda ya yi digirin aikin lab a Sakkwato yana da wannan ƙofa, ko ya bar talla yana da wurin komawa. Ɗan yayata ba shi da ita, saboda haka shaidar horo a kan na'ura ta fi masa muhimmanci fiye da yadda za ta yi wa wancan.

Da ya gaji da saurare sai ya ce, "To Kawu, mi za ni yi?" Na ce ra'ayina ke nan, ba wahayi ba ne. Idan kamfanin Legas zai rubuta cewa za su horar da kai a kan na'ura, su biya kuɗin mota da masauki daban da albashi, kuma ba za su ɗora maka bashin wani ba, tafi can ka yi shekara biyu ko uku, kana saurayi ba ka da nauyin kowa. Ka riƙa ajiye wani abu, domin wasiƙar da na ba ka labari tana iya zuwa kowane lokaci. Idan kuwa talla ce zalla da taget da kamasho, to gara Alhaji, in dai firjinsa na da sola kuma an yi maganar yaye gaban manya. Aƙalla za ka fita da sanin kasuwa da mutanen da suka san fuskarka. Wanda kuma yake da mata da 'ya'ya da tsofaffi a gida, ko wanda burinsa ya buɗe nasa shagon nan da shekara biyar, lissafinsa ya fi karkata wurin Alhaji tun farko.

Ya rubuta musu imel da tambayoyi uku. Suka amsa biyu nan take, ta horo kuma suka ce sai bayan wata shida na gwaji, "za a duba". Na ce ya roƙe su da ladabi su sa wannan layi a cikin takardar. Aka yi kwana tara shiru, har mahaifiyarsa ta fara cewa na sa ɗanta ya yi wa arziki ƙafar ungulu. Rana ta goma sabuwar takarda ta zo da layin a shafi na uku.

Ni na raka shi wurin Alhaji don ya ba da haƙuri, domin irin wannan ba a yin ta ta waya. Dattijon ya saurare mu yana jan carbi, ya sa masa albarka, ya ce Allah ya sa a dace. Har mun kai bakin ƙofa sai ya kira shi. "Kai yaro, in ka je can, ka duba mini nawa suke ba diloli kwalin kwalbar jini mai ruwan hoda. Na Kano sun ƙara mini kuɗi sau biyu a watan nan."